MILIYAR 76 DA JIKKA BIYUN KAWU

A watan Disamba na 2020, ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen shugaban ƙasa, na hau mota daga Yamai na nufi gida Kore Mairuwa. Abin da na faɗa wa abokaina a fada shi ne za ni "wayar da kan jama'a". Haka muke faɗi a lokacin, ko kunya ba mu ji. Wayata cike take da hotunan takardu, shafi bayan shafi na rahoton binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, duk da Faransanci. A raina na riga na gama lissafi: duk wanda ya ji abin da ke cikin takardun nan, yatsansa ba zai iya dangwala wa masu mulki ba.

Mutum na farko da na gwada abin a kansa kawuna ne, yayan innata. Bayan la'asar na same shi a inuwar da suke zama bakin kwalta, inda manyan motoci ke wucewa zuwa Dutsi da Ƙonni. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen Yamai. Sai na gyara zama na ce, "Kawu, kun ji an ci miliyar 76 na kuɗin makaman sojoji?"

Ya ce, "Miliyar nawa?"

Na maimaita.

Ya ce, "Shi miliyar guda, jikka nawa na?"

Wallahi sai da na yi shiru. Ni da na haddace sunayen kamfanoni da na jiragen yaƙi, ban taɓa juya kuɗin nan zuwa harshen da ake ciniki da shi a kasuwar garinmu ba. Na danna waya, na ce masa miliyar guda jikka miliyan ɗaya ce. Ya kaɗa kai kamar wanda aka ce ya ƙirga yashin gulbi. Sannan ya jefo tambaya ta biyu, wadda har yau ba ta sake ni ba.

"To, wa anka kama?"

Na ce an kama waɗanda suka fito zanga-zanga a kan maganar, wasunsu sun yi wata shida a kaso.

"A'a, su da sunka ci nike tambaya."

Na ce dosiye na hannun alƙali.

Ya yi dariya har da tari. "Ɗan lakwal, wanda yac ci yana gida, wanda yay yi magana yana kaso. Kai kuma ka biyo hanya tun daga Yamai ka ce mani mi? In maida jikka biyun da anka ba ni jiya?"

Ba sai na faɗi jam'iyyar da ta ba shi jikka biyun ba, don a satin nan ba ɗaya ce ta yi rabo ba. Na koma Yamai ina jin haushinsa, ina ce wa abokaina jahilci da talauci sun gama da mutanenmu. Yau kuwa ina ganin a zaman nan na bakin kwalta, ni ne ɗalibin. Kawu ya san abin da ni ban sani ba: girman badaƙala ba shi ke kada ɗan takara ba. Sai mai zaɓe ya iya ƙirga abin da aka ci da ma'aunin da ya sani, kuma ya ga inda maganar ta ƙare. Mu kuwa duka biyun babu wanda muka kai masa.

Ga ƙannenmu da ke bin wannan shafi, waɗanda a 2020 suna kolej, bari in tuna abin da ya faru, don kada a ɗauka ƙaramin abu ne ya wuce haka nan.

Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai hari barikin Inates, sojoji 71 suka rasu. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kai na Cinagodar, sojoji 89. Cikin kwana talatin, sojoji 160. Ƙasa na cikin wannan makoki ne labarin binciken ya fito. Ministan tsaro na lokacin, Isufu Katambe, wanda bai daɗe da hawa kujerar ba, shi ya sa masu binciken rundunar soja suka duba kwangilolin sayen kayan yaƙi na shekarun baya. Abin da suka gano a rahotonsu na farko: kimanin miliyar 76 na sefa sun tafi ta hanya biyu, ko dai an ninka farashin kaya, ko kuma an biya kuɗi kayan ba su zo ba. Ku haɗa waɗannan abubuwa biyu a zuciya, gawar soja a gefe guda, kayan yaƙin da aka biya ba a kawo ba a ɗaya gefen. In da akwai badaƙalar da ta isa ta girgiza akwatin zaɓe a tarihin ƙasar nan, to wannan ce.

Me gwamnati ta yi? A ƙarshen Fabrairu ta fitar da sanarwa cewa za a sa waɗanda suka karɓi abin da bai halatta ba su mayar, wanda ya ƙi sai a kai shi kotu. Wato ɓarawon akuya kaso, na miliyar kuma "don Allah maido". Jama'a suka yi ca, har ƙungiyar alƙalai ta SAMAN ta nuna ba ta yarda ba. Ƙungiyoyin farar hula suka kira gangami ranar 15 ga Maris. Aka hana da sunan korona, alhali sai ranar 19 ga watan aka sanar da mutum na farko mai cutar a Nijar. Mutane suka fito duk da haka, aka harba barkonon tsohuwa, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutum uku aƙalla suka mutu. Aka kwashe jagororin farar hula. Maikul Zodi da Halidu Munkaila da Mudi Musa sai ƙarshen Satumba suka fito. 'Yar jarida Samira Sabu ta shiga kaso daga Yuni zuwa ƙarshen Yuli saboda rubutu a Facebook kan wannan magana, bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya kai ƙararta. A watan Yunin ne kuma mai shigar da ƙara na gwamnati ya fito ya ce bayan an saurari 'yan kwangila, kuɗin ya koma miliyar 32 da miliyan 600.

Sai zaɓe ya zo. 27 ga Disamba 2020, Bazum Muhammad na PNDS-Tarayya ya zo na ɗaya da kashi 39 cikin 100, Mahaman Usman na bi masa da kusan kashi 17. A zagaye na biyu, 21 ga Fabrairu 2021, Bazum ya ci da kashi 55 da ɗoriya. Jam'iyyar da aka yi badaƙalar a ƙarƙashin mulkinta ita ta fi kowace yawan kujeru a majalisa, nesa ba kusa ba. Na san za a ce an yi maguɗi, 'yan adawa sun faɗa, an yi tarzoma a Yamai, an yanke intanet kwana da kwanaki. Ban zo in wanke hukumar CENI ba. Amma mu daina yaudarar kanmu da kalmar maguɗi kamar ita ce amsar kome. Na ga layin masu zaɓe da idona a ƙauye. Mutane da dama sun dangwala wa masu mulki da hankalinsu, ba wanda ya riƙe masu hannu.

Yamai ta zaɓi Usman da babban rinjaye. Yamai ce ke karanta jaridun Faransanci, Yamai ce ta shaƙi hayaƙin Tagabati. Mu da ke cikinta sai muka ɗauka abin da ake faɗi a fadarmu shi ake faɗi a ƙasa baki ɗaya. Kowa a Facebook ɗinka ya fusata, sai ka zaci Nijar ta fusata. Nijar kuwa tana gona, tana rijiya, tana tasha tana jiran motar Kamba.

Dubi abin da ya faru a Kano, don kwatance. A watan Oktoba 2018 ɗan jarida Ja'afar Ja'afar ya saki bidiyon da ya nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, yana cusa bandir-bandir na dala a aljihun babbar riga. Gwamnan ya ƙaryata, ya ce haɗi ne. Amma bidiyon bai buƙaci tafinta ba. Har a Dutsi da Matankari yaran tasha sun kalla a waya suna dariya. Da aka zo zaɓe a Maris 2019, ranar farko gwamna mai ci yana baya da ƙuri'a kusan 26,000, sai da aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake a wasu mazaɓu, sannan aka ce ya ci. Ko a nan badaƙalar ba ta kada mutumin ba, amma ta kai shi bakin rami. Kuɗin da ake zargi a bidiyon nan bai kama ƙafar namu ba. Bambancin kawai, nasu kowa ya ga aljihu, namu kuwa takarda ce mai shafuka da yawa cikin harshen da mafi yawan masu zaɓe ba su ji.

Wannan laifinmu ne, mu 'yan farar hula, kuma ni ina ciki. Amma akwai na 'yan adawa, wanda ya fi namu muni. Ku tuna da me suka cika kamfe a 2020. Da rahoton ma'aikatar tsaro? Ina! Da takardar ɗan ƙasa ta Bazum. Wata da watanni ana jan magana a kotu da gidajen rediyo kan inda aka haife shi, da asalinsa, da launin fatarsa. Allah ya ba ka sanda mai kauri haka, jinin sojoji 160 da miliyar 76, ka ajiye ta ka ɗauki zancen ƙabila. Me ya sa? Ni dai fahimtata, zancen asali ba ya buƙatar ka yi alkawarin kome. Zancen sata kuwa yana da ƙaiƙayi, in ka tayar da shi a dandalin mitin, wani daga cikin taro zai iya tambayarka naka dosiyen. Manyan 'yan siyasarmu kusan duk sun taɓa cin tuwo a akushi ɗaya, yau ƙawance gobe adawa, jibi kuma ƙawance. Kowa ya san inda ɗan uwansa ya binne abu, shi ya sa kowa ke barin kaza cikin gashinta.

A nan ne labarin marigayi Hama Amadu ya zama dole, Allah ya jiƙansa. Babu ɗan siyasar da rayuwarsa ta nuna yadda ake wasa da badaƙala a Nijar kamar shi, ta kowane ɓangare.

A 2006 yana firaminista aka bankaɗo badaƙalar da aka sani da MEBA, kuɗin ilimin firamare da masu ba da tallafi suka zuba. Ministocinsa biyu suka rasa kujera, suka shiga kaso. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisa ta kada gwamnatinsa da ƙuri'a 62, a kan wannan magana. In ka tsaya nan sai ka ce madalla, ga badaƙala ta yi aiki. To amma wa ya kada shi? Ba talaka da katin zaɓe ba ne. 'Yan majalisa ne, har da na ɓangaren masu rinjaye. Shekara guda bayan haka aka kulle shi a Kutukale kan kuɗin tallafin jaridu, miliyan 100. Kafin a ankara, 2009 ta zo da tazarcen Tanja, kuma mutumin da kowa ke gani shi ne magaji an riga an share shi daga hanya. Yaran da aka ci kuɗin karatunsu fa? Suna nan cikin ajin zana. A Afrilu 2021 irin wannan aji ya ƙone da yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamba wani ya ƙone da fiye da 20 a Maradi.

Sai kuma 2014. Hama na shugaban majalisa, ya ɓata da Mahamadu Isufu, sai ga maganar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya. Ya bar ƙasa a watan Agusta, ya dawo ranar 14 ga Nuwamba 2015, daga filin jirgi aka wuce da shi, ya ƙare a gidan kason Filinge. Daga cikin kaso ya tsaya takara. Bai yi mitin ko ɗaya ba, bai hau mota ya ɗaga hannu ba. Ranar 21 ga Fabrairu 2016 ya zo na biyu da kusan kashi 18. Ku dubi nauyin zargin, sayen jarirai, a ƙasar da nasaba ke da daraja irin tamu. Amma magoya bayansa ko gezau. Me ya sa? Don sun ga lokacin da aka tayar da maganar, sun ga wa ta amfana. Shi ya ce bita-da-ƙulli ce har ya koma ga Allah. Kotu ta yanke masa shekara guda a 2017, kuma da wannan hukunci aka hana shi takara a Nuwamba 2020.

Ba ina cewa ya yi ko bai yi ba. Abin da nake so mu gani shi ne darasin da talaka ya ɗauka daga duk wannan. Ya koyi cewa dosiye ba ya buɗewa ranar da aka yi laifi, sai ranar da aka ɓata da mai mulki. In kana ciki, kwamitin majalisa zai zauna ya ce babu kome, kamar yadda aka yi a 2017 da maganar miliyar 200 ta cinikin uraniyum da jaridar Le Courrier ta fallasa. In ka fita, ko tsohuwar takarda ce za a kakkaɓe mata ƙura. Mutumin da ya ga haka sau uku, sau huɗu, in ka zo masa da sabuwar badaƙala, ba zai tambaye ka "gaskiya ne?" ba. Zai tambaye ka "wa ya aiko ka?" Kuma ba wauta ba ce, gogewa ce.

Yanzu bari in taɓa namu na gida, ko da za a ji haushina a Arewa. Mu Arawa muna da namu ciwon. Ibrahim Ba'are Mainasara ɗanmu ne, asalinsa Dumega, nan kusa da mu. An kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999 a filin jirgin Yamai, aka lulluɓe maganar da afuwa a cikin kundin tsarin mulki, sai da iyalansa suka je har kotun CEDEAO kafin a 2015 a ce an tauye masu haƙƙi. Na tashi ina jin wannan a gidanmu, kuma zalunci ne, babu ja. Amma a gidan nan namu ban taɓa jin an ba ni labarin Yuli 1996 ba, lokacin da ana tsakiyar zaɓe aka rushe hukumar zaɓe aka kafa wata, ta ce shi ya ci tun zagayen farko. Wannan sai a Yamai na karanta shi. Da na tambayi wani dattijo a gida, ya ce mani, "Bar wanga zance, namu na." To in mu muna da "namu na", don me za mu yi mamaki in mutumin Tawa ya ce nasa ne, na Damagaram ya ce nasa ne, na Tillaberi ya ce nasa ne? Kowa na ganin ɓarawon wani gari da kyau. Na garinsa kuwa "yaro ne mai taimako, ya gina mana masallaci". Ni kaina, in gaskiya za a bi, na fi saurin tura labarin satar wanda ba na so.

Wani zai ce to shi ke nan, badaƙala ba ta da wani tasiri a Nijar, a daina wahala. A'a. Tana da shi, sai dai ba inda muke nema ba. Badaƙalar da ba ta kai ga hukunci ba ba ta ɓacewa. Tana taruwa ne kamar ruwa a bayan katangar ƙasa. Ba ta cin ɗan takara, tana cin darajar zaɓen kansa.

Har aka yi zaɓen 2020 aka gama, babu wani babba da ya tsaya gaban alƙali a bainar jama'a kan kuɗin ma'aikatar tsaro. A farkon 2022 kuma muka ji gwamnati ta janye daga neman diyya a shari'ar, wai an daidaita da 'yan kwangila. In za a yi adalci, zamanin Bazum an ga ɗan motsi, a Afrilu 2022 an kulle minista mai ci, Mahamadu Zada, kan zargin miliyar 3 na kamfanin SOPAMIN. Amma babban dosiyen, wanda ke da jini a jikinsa, ya kwanta. Kowane matashi da ya bi maganar tun daga Tagabati ya ajiye abu guda a ransa: ka yi zanga-zanga a kulle ka, ka yi zaɓe su dawo, ka jira kotu a sasanta.

Sai 26 ga Yuli 2023. Washegari aka cinna wa cibiyar PNDS wuta a Yamai, aka ƙona motoci. Dubban matasa suka cika tituna suna yi wa sojoji tafi. Masu sharhi daga waje suka yi ta mamakin yadda jama'a ke murnar faɗuwar gwamnatin da suka zaɓa shekara biyu da rabi da suka wuce. Akwai fushin Faransa a ciki, akwai na tsaro, akwai takunkumin CEDEAO da ya ƙara haɗa kan mutane. Amma a fadar da nake zama, kalmar da ta fi fita a bakin samari ita ce "ɓarayi". Bashin 2020 ne aka biya a 2023, kuma ba ɓarayin suka biya ba, katin zaɓenmu ne ya biya. Ni ma ranar ban zubar da hawaye ba, ba zan yi maku ƙarya ba. Sai daga baya na fara tambayar kaina me na yi wa murna.

Yau ga inda muke. An rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024, an naɗa masu riƙo. A Maris 2025 an rushe jam'iyyun siyasa gaba ɗaya, an ba da wa'adin shekara biyar wanda ake iya ƙarawa. Babu kamfe, babu atamfa mai hoton ɗan takara, babu jikka biyun kawu. Wani abokina ya ce mani, "To ai ka huta, rubutunka na badaƙala da zaɓe ya zama tarihi." Ni kuwa ina ganin yanzu ne ma maganar ta fi zafi. Da can in an ci, aƙalla akwai ranar da za a zo neman ƙuri'arka, ko kunya ce a ji. Yanzu wace rana ce wannan?

An kafa hukumar COLDEFF a 2023 don ƙwato dukiyar ƙasa, kuma ta sha sanar da kuɗin da ta karɓo. Madalla da duk dalar da ta dawo baitulmali. Amma "maido mu rufe" shi ne fa abin da muka fito muka ƙi a Maris 2020, har mutane suka mutu a kansa. In ba mu yarda da shi a hannun farar hula ba, da wane baki za mu yarda da shi don mai yin sa na sanye da kaki? Muna son suna, muna son adadi, muna son zaman kotu da ƙofa a buɗe, wanda aka zarga ya kawo lauyansa ya kare kansa. In ya ci a hukunta shi kowa na gani, in bai ci ba a wanke shi kowa na gani. Wannan kariya ce har ga wanda ake zargi, don kada gobe a ce bita-da-ƙulli ce kamar yadda aka saba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A Fabrairu 2024 an sa hannu kan wata doka da ta fitar da sayen kayan jami'an tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangilar gwamnati da aka saba bi. Hujjar ita ce ana yaƙi, ana buƙatar sauri da sirri. Na ji hujjar, kuma ƙannenmu ne ke bakin daga, ba wanda ke son a jinkirta masu harsashi. Amma jama'a, ta wace ƙofa miliyar 76 suka fita? Ba ta wannan ƙofar ta "sirrin tsaro" ba? Ban ce wani ya ci ko dala ba. Na ce ƙofar da aka taɓa yi mana sata ta cikinta, an cire mata kuba. Kuma talaka na zuba nasa a asusun ceton ƙasa, har a kuɗin waya ana cira. Wanda ya ba da kuɗinsa yana da ikon tambaya, wannan ba cin amanar ƙasa ba ne. Na san faɗin haka yana da tsada a yau. Musa Cangari, wanda aka kulle a Maris 2020 kan maganar ma'aikatar tsaro, an sake ɗauke shi daga gidansa ranar 3 ga Disamba 2024, shi ma Filinge aka kai shi. Gwamnati ta canza, gidan kason bai canza ba.

Zaɓe zai dawo wata rana, ko da wane suna jam'iyyun za su dawo. Tsofaffin fuskoki za su ɗinka sabuwar hula. Abin da nake tsoro shi ne ranar ta same mu yadda 2020 ta same mu, da takardun Faransanci a waya da fushin da bai wuce gadar Kennedy ba. Aikin da ke gabanmu ba mai daɗin hoto ba ne. A ajiye kowane dosiye da kwanan watansa, wa aka zarga, me kotu ta ce, ina aka tsaya, na wanda muke so da na wanda ba mu so. A juya shi zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci. Ba rubutu kaɗai ba, murya, don innata ba ta karatu amma ba ta kwana ba ta saurari saƙon WhatsApp ba. Kuma a fara da na kusa, kuɗin harajin kasuwar garinku da na tasha, ina suke shiga? Wanda ya saba tambayar jikka ɗari ta kasuwa, shi zai iya tambayar miliyar.

Da ƙaramar salla da ta wuce na je gida, na sake samun kawu a inuwar nan tasa. Ya tsufa, ido ya fara ba shi wahala, amma yanzu yana da waya mai shafawa da ɗansa ya aiko masa daga Lagos. Na ce masa, "Kawu, kun tuna tambayar da kuka yi mani, miliyar jikka nawa ce? Na zo da amsa, ko da ta makara."

Na ce mu ɗauka buhun hatsi jikka 25 ne. Miliyar 76 ta sayi buhu miliyan uku da dubu arba'in. Mu ce kowace babbar mota irin waɗannan da ke wucewa tana ɗaukar buhu 400. Mota 7,600 ke nan. In aka jera su hanci da wutsiya a kan kwaltar nan da muke kallo, layin zai taso tun daga Doso, ya bi ta gabanmu nan, ya kai Dutsi. Na ce ko lissafin mai shigar da ƙara aka ɗauka, na miliyar 32, layin ya haura kilomita 50.

Kawu bai yi dariya ba wannan karon. Ya dubi hanya ta yamma, ya juyo ya dubi ta gabas, ya daɗe bai ce kome ba. Wata mota ta wuce da lodin albasa, ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Sannan ya miƙo mani wayar ya ce, "Sake hwaɗi cikin abin ga, sannu-sannu, yadda kac ce mani. In aika ma su Alhaji su ji."